Akwatin Samfuri

Da hantsi aka bugo waya caji ofis daga jami'a. Mai bugowar ko sallama bai yi ba. Cewa kawai ya yi a zo, an buɗe akwati an ga abin da ba a zata ba.

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya yafito Saje.

Sashen kasuwancin ƙasa da ƙasa yana hawa na biyu. Ɗaliban digiri na biyu sun yi cirko-cirko a baranda, kowa cikin kwat. Ranar kare kundin bincike ce.

A ɗakin, akwatin katako ne bisa tebur, an ɓalle murfinsa. Daga sama takalman fata ne jere, masu kyau. Ƙarƙashinsu ƙulle-ƙullen ƙwaya ne cikin leda, maƙare har gindi.

Saje ya leƙa, ya ja da baya. "Innalillahi! Yallaɓai, wannan ai ta isa ta haukata unguwa guda."

"Akwatin wa ne?" in ji Sufeto.

Aka nuna masa wata matashiya zaune a ƙasa, jingine da bango. Auta ake kiranta. Ba kuka take ba. Idonta ne kawai a kafe kan akwatin.

Malamin da ke duba aikinta ya matso, dogo mai farin tabarau. Kowa Dakta yake ce masa.

"Me akwatin takalmi yake yi a aji?"

"Tsarinmu ne, Sufeto. Kowane ɗalibi zai kawo kaya na gaske, ya shirya su kamar za a fitar waje. A auna, a buga hatimin sashe, a kai sito. Wanda ya fi kyau shi muke turawa baje koli a ƙasar waje, a rufe yadda yake. Bana nata muka zaɓa."

"To wa ya buɗe?"

"Baƙon farfesan da ya zo jarraba su. Ya ce sai ya ga takalman da idonsa. Na ce masa ba a karya hatimi, ya nace." Dakta ya cire tabarau ya murza ido. "Gara da ya nace. Yarinyar nan tamkar 'yata na ɗauke ta."

Sufeto ya zagaya akwatin. A gefe an rubuta nauyinsa da baƙin fenti. Ya sa aka mayar da komai ciki, aka kawo sikeli. Allura ta tsaya daidai kan abin da aka rubuta.

"Saje, me ka gani?"

"Ya yi daidai, yallaɓai."

"Shi ne abin da bai yi mini daidai ba. Ranar da aka rubuta wannan, takalmi ne zalla a ciki, malamai na kallo. Wani ya kwashe takalmi, ya zuba ƙwaya, ya tsaya yana aunawa har nauyi ya koma yadda yake. Ɗan ƙwayan bakin titi ba ya wannan wahalar."

Suka sauka sito. Mai sito tsoho ne mai tumbi, gumi na bin wuyansa.

"Makullin nan bai taɓa barin aljihuna ba, yallaɓai. Ko banɗaki da shi nake shiga."

Sufeto ya dubi wata ƙusa a bayan ƙofa. Bangon ƙarƙashinta ya goge, fenti ya ɗaye a zagaye.

"Me ke lilo a nan har ya cinye fenti?"

Mai sito ya dubi ƙusar. "In zan tafi cin abinci nakan rataya shi. Don malamai. Kada su zo su rasa ni su kai ƙarata."

"Hatimin fa?"

"Yana cikin durowar can. Ba ta kulluwa."

"Wato sito a buɗe, hatimi a buɗe, kai kana gaban kwano," in ji Saje. "Sannu da aiki, Baba."

A caji ofis Sufeto ya zaunar da Auta, ya tura mata ruwa. Ba ta taɓa ba.

"Kin san hukuncin abin da aka samu a akwatinki? Sai kin yi furfura a gidan yari."

"Wallahi ban sani ba, yallaɓai. Takalmi na zuba."

"A ina kika samo su?"

"A kasuwa na saya."

"Wace rumfa?"

"Na manta."

Sufeto ya jawo kundinta, ya buɗe. "Tun daga farko har ƙarshe maganar wani Kamfanin A kike. Kin san yadda yake sayen fata, kin san ma'aikatansa. Yau kin manta rumfa? Wane ne Kamfanin A?"

"Ƙa'idar bincike ce. Ba a rubuta sunan wanda aka yi nazari a kansa. Dakta ya ce ko shi kada in gaya masa, don kada a ce ya yi son kai."

"Ni ba Dakta ba ne."

Nan ta fashe da kuka. "Babana ne. Ba wani kamfani, rumfa ce a layin dukawa. Don Allah kada ku je masa da kaki. Bai taɓa taka ƙofar 'yan sanda ba."

"Takalman da aka kwashe, in kin gan su za ki gane?"

"Duk na huda su a tafi. Haka ake yi wa samfuri, don kwastan su san ba na sayarwa ba ne, kada su sa haraji. Baba bai sani ba. Da ya sani ba zai ba ni ba."

Sufeto ya sa kayan gida, ya tafi layin dukawa shi kaɗai. Ya tarar da mahaifin Auta, dattijo, zaune bisa ɗan benci, basilla a hannu. Suka gaisa, Sufeto ya gaya masa ko shi wane ne da abin da ya faru, bai rage komai ba.

Basillar ta faɗi. Tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Auta? Ƙwaya?"

"Ban ce ita ce ba, Baba. Takalman da aka cire nake nema. Kowanne da huji a tafinsa."

Tsohon ya sa hannu ƙarƙashin tebur, ya jawo buhu, ya zazzage. Takalma suka zubo, sababbi fil, an yi wa wasu faci a tafi.

"Shekaranjiya aka kawo su. Ɗinkina ne, ko a duhu na san shi. Na ce wace irin makaranta ce za ta karɓi aikina ta huda shi, sannan ta rabar. Tun ranar ban yi wa yarinyar magana ba."

"Wa ya kawo?"

"Wani mai mota. Ya ce tsaraba aka yi masa daga waje, wai Turawa ne suka ɗinka. An gaya masa ni na fi kowa iya faci."

"Ka gaya masa naka ne?"

"Don me? Aiki ya kawo."

"Yaushe zai dawo?"

"Yau da yamma."

Sufeto ya kira Saje, ya ce ya kawo Auta, su zauna cikin rumfar da ke kallon wannan. Shi kuwa ya ja kujera bayan labulen fatu.

Rana ta yi sanyi, wata farar mota ta tsaya bakin layi. Mutumin ya fito yana kaɗa makulli.

"Dattijo, an gama? Ina sauri."

Sufeto ya ɗaga labule. "Barka da yamma, Dakta."

Makullin ya faɗi cikin kwata. Dakta ya yi yaƙe. "A'a, Sufeto! Kai ma nan kake gyara?"

"Takalman wa ne?"

"Nawa. Wani aboki ne ya..."

"Abokin naka shi ya huda su?"

"Ai haka samfuri yake zuwa. Ko'ina a duniya..."

"Dakta, ka san Kamfanin A?"

"Na cikin kundin yarinyar? Ba a faɗin suna, na gaya maka ƙa'ida ce."

"To ga shi nan zaune a gabanka. Gaishe shi."

Dakta ya dubi tsohon. Ya dubi fatun da ke rataye, ya dubi takalman da ke kan kanta, irin ɗinkin, irin zaren. Fuskarsa ta zube. Ya lalubi benci ya zauna.

Auta ta tsallako layin, Saje na biye da ita. Maƙwabtan rumfa suka bar aikinsu suka taru.

"Dakta?" in ji ta. "Kai?"

Bai ɗago ba. "Wasu mutane ne a can ƙasar waje. Kowace shekara suna jiran akwatin sashe a baje koli. Ba a taɓa buɗewa ba, ko sau ɗaya. Takalman kuwa na so in zubar, na ga sun yi kyau da yawa."

"Mu da yawa ne a ajin. Me na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba. Naki ne ya fi na kowa. Na san duk jami'in da ya ga shirinsa ba zai yi zargi ba." Ya ɗago. "Ke ce ɗalibar da na fi alfahari da ita."

Wata mai sayar da zare ta dafe ƙirji tana salati.

"Da safe kana kallo aka sa ta a mota," in ji Sufeto. "Har da murza ido. Miƙo hannu."

Ankwa ta yi ƙara. Saje ya tasa ƙeyarsa, dukawa suka dare gida biyu suka ba su hanya. Ba wanda ya zage shi. Kallonsa kawai suke har aka rufe ƙofar mota.

Tsohon ya sunkuya ya ɗauki basillarsa.

"Auta, je ki wanke fuskarki. Gobe ki koma ki ƙarasa abin da kika fara."

"Baba, wa zai saurare ni bayan wannan?"

"Ni. Zan zo wurin kare kundin. In ba su ba ni kujera ba, na tsaya."