Hoton Yaya Mala

Ranar da Jannat ta fara ganin Abdulmannan, sunan yayanta Mala ta je nema. Kwalekwalen Mala ne ya kife a ambaliyar Auyo. Abdulmannan kuwa shi ke riƙe da kwamfutar wata ƙungiya a Haɗeja, inda aka tara bayanan waɗanda ruwa ya ci.

Ya rubuta sunan. Bai taɓa zaɓar abin da zai riƙa fitowa ba, sai kwamfutar ta zubo duk abin da aka adana: suna, ƙauye, maƙabarta, har da hoton da aka ɗauka bayan kwana uku a ruwa.

Jannat ba ta yi kuka ba. Ta dai daina kallon kogi. Ko randa ta leƙa, fuskar nan take gani.

Ta lambar wayar da ta bari Abdulmannan ya turo saƙo: "Malama Jannat, laifina ne. Ban san yadda zan cire miki shi daga ido ba. Ki yafe mini."

Sai da ta kwana tara ta amsa. Sannu a hankali "Malama" ta koma "Aljannata".

Da maganar aurensu ta isa ga mahaifinta, Malam Shu'ibu, ya ce, "Wanda ya nuna wa 'yata gawar ɗana? Ga Haris mai injin shinkafa nan yana jira."

Ana cikin haka mahaifiyarta, Inna, ta kafe sai an kai ta ta ga abin da aka rubuta a kan ɗanta.

Jannat ta rubuta wa Abdulmannan: "Gobe Inna da Baba za su zo. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

"Turo mini hotonsa da kika fi so, Aljannata."

Washegari ya rubuta sunan, Jannat ta runtse ido. Sai ta ji Inna na cewa, "Ji shi, ko a nan bai sa hula ba."

Mala ne, riƙe da ƙatuwar tarwaɗa, yana dariya.

"Ɗaya hoton fa?" in ji Malam Shu'ibu a hankali.

Abdulmannan ya ce, "Yana adane don shaida, Baba, amma na hana shi fitowa. Na kowa ma haka. Gida-gida nake bi ina karɓar hotunansu na rai."

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗansa.

"Ka turo magabatanka."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. A kwalekwale aka haye da amarya. Tsakiyar kogi ta ɗaga mayafi ta leƙa ruwan. Dariyar nan ta tuna.

Allah Ya jiƙan Mala, Ya sanya albarka a gidan ƙanwarsa.