Fitilun Motar Alhaji Tamu

Ana saukowa daga masallacin Juma'a aka ji salatin Alhaji Tamu a bayan tashar Jega. Motarsa tana nan inda ya bar ta, gaban rumfar Imran mai gyaran fitila, amma fitilun gaba biyu sun yi fari fat kamar idon da ya yi yana. Da hantsi kuwa kowa ya gan su suna ɗaukar ido.

Alhaji Tamu dillalin albasa ne daga Aliero, mai motoci bakwai, kuma idan ya yabi mutum sai kasuwa ta ji, idan ya zage shi ma haka. Da safen nan ya tsaya tsakiyar jama'a yana cewa duk Kebbi babu mai hannun Imran, zai kawo masa sauran motocin. Yanzu bakin nan dai shi ne ke kiran Imran macuci, mai shafa wa fitilar mutane guba. Shugaban tasha ya ce idan laifin Imran ne, to ya kwashe kayansa kafin la'asar.

Ɗan sanda Sajan Mu'azu ya iso yana share gumi. Mutum ne da ba ya son hayaniya, kuma ya tsani a faɗa masa mai laifi kafin ya duba da idonsa. Ya durƙusa ya shinshina fitilar. Warin tina ne, ruwan da ake sirka fenti da shi, wanda ke cin roba nan take.

"Kai, gaya man yadda kaka aikinka," ya ce da Imran.

Imran ya ce, "Yallaɓai, kwance hitilar nika yi gaba ɗaya, in aza ta bisa benci. In goge da samfefa mai kaushi da ruwa, sannan mai laushi, in sa man gogewa, in maida ta. Tina ba ta cikin aikina, wallahi. Ko kwalbarta ban da."

Sajan ya bincika rumfar, bai sami komai ba. Ya koma ga motar yana bin gefen fitila da yatsa, sai ya ji danƙo. Ya sake bi a hankali. Danƙon ya zagaye fitilar cif, sama da ƙasa, a miƙe kamar an ja da zare. Jan fentin motar kuwa ko ɗigo ɗaya bai taɓa shi ba.

"Kana liƙa salatif?"

"In liƙa shi ina, yallaɓai? Ai hitilar ba ta jikin mota in ina aiki."

Sajan ya juya ga waɗanda ake iya zargi. Ya fara da Usama, direban Alhaji, wanda aka ce sun yi cacar baki da Imran da safe.

"Mun yi," in ji Usama. "Ya ce ni ab ban iya wankin mota ba. Amma sahu guda munka yi salla da Alhaji, a tambaye shi."

Alhaji ya gyaɗa kai da kyar, don ba ya son a rage masa waɗanda zai zaga.

Sai Aminullahi mai sayar da kayan gyara. Tun da Imran ya fara maida tsohuwar fitila sabuwa, tasa sabuwar ta daina tafiya, kuma akwai tina a shagonsa. Jama'a har sun fara kallon shagon. Amma shagon a kulle yake tun jiya. Sajan ya kira shi a waya, ya same shi a Maiyama wurin ta'aziyya, har liman na can ya karɓi wayar ya shaida.

Duk wannan bidiri mutum ɗaya ne ya fi kowa tsaya wa Imran, wato Sadiƙ mai fentin mota, maƙwabcin rumfarsa kuma abokinsa tun ƙuruciya. Shi ke dafa kafaɗarsa, shi ke ba Alhaji haƙuri. Sajan ya lura da cewa tun ɗazu Sadiƙ bai kalli fitilun ko sau ɗaya ba.

"Wa ya yi hentin motag ga?" Sajan ya tambaya, kamar mai hira. "Ya yi kyau."

"Ni na, yallaɓai," Sadiƙ ya amsa da sauri, fuskarsa ta ɗan saki. "Kwana tara ina kanta."

"Ina kay yi Juma'a?"

"Nan babban masallaci. Na makara kaɗan."

"Mu ga kwandon sharakka."

Can ƙasan kwandon, ƙarƙashin jaridu, akwai dunƙulen salatif da tsumma mai ɗanyen warin tina. Sajan ya warware salatif ɗin ya kara a gefen fitila. Lanƙwasar ta hau daidai.

Sajan ya juya ga shugaban tasha ya yi bayani a taƙaice. Tina kowa na iya saye. Amma mai son ɓarna cikin sauri, ana salla, watsawa zai yi ya gudu, ta zuba inda ta ga dama. Wanda ya yi wannan sai da ya tsaya ya liƙe gefe tsaf don kada fenti ya lalace. Babu mai ɓata lokacinsa haka sai wanda hannunsa ya saba, kuma fentin yake masa ciwo.

Sadiƙ ya zauna a kan tsohuwar taya. Bai yi musu ba. Hassadar da ya daɗe yana haɗiyewa ta fito masa a fuska, har ta ba Sajan tausayi, duk da bai so ba.

"Shekara sha biyar ina ma Alhaji henti," ya ce, kansa a ƙasa. "Bai taɓa kiran sunana cikin mutane ba. Yau na tsaya kusa da shi, hannunai bisa hentina, yana yabon hitila."

Shugaban tasha ya ce Imran ya zauna a rumfarsa, babu mai taɓa shi.

Imran bai yi murna ba. Ya matso kusa da abokinsa, idonsa ya cika da hawaye.

"Haba Sadiƙ. Da ka yi man magana, ai da na koya maka. Aikin sa'a guda na hwa."

Sadiƙ ya ɗago kai ya dube shi.

"Na sani," ya ce. "Shi ad dai ka ƙona man rai."

Ya miƙa wa Sajan hannuwansa biyu a sa masa ankwa.