Mai Gajimare Da 'Yar Mai Haƙar Rijiya

Jar fitilar ɗakin watsa shiri na mutuwa, Auta ta zare abin sauraro daga kunnenta ta dangwarar a kan tebur.

"Mutum uku!" ta ce. "Mutum uku suka kira, duk ukun suka ce ba su gane ba!"

Baƙon shirin nata ya sunkuyar da kai yana jujjuya takardunsa. Ma'aikaci ne a ofishin hasashen yanayi, shi ya sa take ce masa Mai Gajimare. Wata biyar ke nan yana zuwa gidan rediyon duk Laraba don bayani a kan sauyin yanayi, wata uku kuma da ya fara rako ta har bakin titin gidansu.

"Haba abar ƙaunata, ai na yi ƙoƙari..."

"Ƙoƙari? Matar nan tambayarka ta yi me ya sa kajinta ke mutuwa da zafi, ka hau karanto mata lissafin ma'aunin shekara talatin!"

Ya yi ajiyar zuciya.

"Mutanen nan ba sa gane komai idan na yi magana... Kuma laifina ne, ni ne ban iya bayani ba."

Yadda ya faɗa a sanyaye ya kashe mata jiki. Ta tura masa ruwan da ke gabanta.

"Sha, kafin kai ma zafin ya kayar da kai kamar kajin."

Suka yi dariya. Babu wanda ya waiwayi bayan gilashi, inda mai haɗa sauti ke zaune ya haɗe rai. Shekara biyu yana bin Auta, ita kuma amsarta ɗaya ce: "Yaya na ɗauke ka."

Bayan kwana biyu muryar Mai Gajimare ta karaɗe wayoyin unguwa. Daƙiƙa uku ce kacal: "Mutanen nan ba sa gane komai." An datse sauran.

Auta ta dawo gida da la'asar ta tarar da Baba a tsakar gida yana naɗe igiyar aikinsa. Shekara arba'in yana haƙar rijiya, tafin hannunsa ya yi kanta. Bai amsa gaisuwarta ba.

"Wannan ne yaron da uwarki ke ba ni labari?"

"Baba, wallahi yanke maganar aka yi..."

"Muryarsa ce ko ba tasa ba?"

"Tasa ce, amma..."

"To mu da ba ma gane komai, 'yarmu ma ba za ta gane masa ba. Kada in ƙara jin ya tsaya a bakin titin nan!"

Umma ta leƙo daga ɗaki za ta sa baki, ya ɗaga mata hannu, ta koma.

Washegari Auta ta samu cikakkiyar maganar a na'urar ofis ta kai wa shugabar tasha. Aka kira mai haɗa sauti, ya yi ta rantse-rantse, daga baya ya amsa, aka dakatar da shi. Ta kwafo maganar a wayarta ta kai gida, sai dai Baba ya ƙi ko kallon wayar.

"Na ji abin da zan ji," ya ce.

Kwana tara tana kuka a ɓoye. A rana ta goma Mai Gajimare ya kira.

"Rabin raina, ina Baba yake aiki yau?"

"Kada ka je! Korar kare zai yi maka!"

"Bari ya kore ni. Ina ne?"

Ta faɗa masa, amma zuciyarta ta kasa natsuwa. Ta ɗauki kwanon abincin Baba daga hannun Umma ta ce ita za ta kai.

A bayan wata makaranta ake haƙar. Tun daga nesa ta hango Mai Gajimare, ya naɗe hannun farar rigarsa, yana jan guga cike da jar ƙasa tare da abokin aikin Baba. Rigar ta tashi daga fara. Ta laɓe a jikin katanga.

Can Baba ya fito daga ramin yana haki. Ya dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya sa ka?"

"Babu kowa, Baba. Haƙuri na zo bayarwa, da kuma tambaya ɗaya."

Baba ya zauna a kan tulin ƙasa. Mai Gajimare ya durƙusa a gabansa.

"Lokacin da kuka fara wannan sana'a, gaba nawa kuke haƙa kafin ku tarar da ruwa?"

Auta ta runtse ido.

"Sha biyu," in ji Baba da ƙyar. "Wani wurin ma goma."

"Yanzu fa?"

"Wannan da kake gani ashirin da uku, ko damshi ban ji ba."

"Me kuke ganin ya jawo?"

Baba ya gyara zama. Abin da ya fi so a duniya aka taɓo.

"Ruwan sama ne ya canza hali. Da, kwana yake yana sauka a hankali, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Yanzu sai ya ɓace mako uku, ranar da ya ga dama ya zo a guje, ya rushe katangu ya wuce. Yaushe ƙasa ta sha? Ga rana ta ƙara zafi, ga bishiyoyin an sare, ga kowa ya kafa injin zuƙo ruwa."

Mai Gajimare ya dafe kai.

"Baba, wata biyar ina neman in faɗi wannan a rediyo na kasa! Ni takarda na karanta, ku kun gani da idonku. Abin da zan ƙara kawai, hayaƙin motoci da masana'antun duniya ne ya taru a sama kamar bargo, ya riƙe zafi, zafin ya rikita damina."

"Bargo..." Baba ya maimaita yana jinjina kai. "To me ya hana ka ce bargo tun farko?"

Dariya ta kufce wa Auta. Duka suka waiwayo.

"Fito, munafuka!" in ji Baba. "Tun ɗazu na ga gyalenki. Kawo wayar nan in ji sauran maganar."

Ya saurara har sau biyu. Sannan ya buɗe kwanon ya tura gaban Mai Gajimare.

Larabar da ta biyo, Baba ya shiga ɗakin watsa shiri da sabuwar riga, yana kallon makirfo kamar zai cije shi. Auta ta gabatar da shi. Minti biyu na farko ya yi ta gyaran murya, daga nan baki ya buɗe. Ya yi bayanin gaba sha biyu da ashirin da uku. Ya koya wa mutane yadda za su haƙa ƙananan ramuka a gona da bayan gida don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Mai Gajimare na cike masa da abin da ake hasashe a daminar bana, a gajarce.

Waya ta ƙi yin shiru. Wani manomi ya ce shi ma rijiyarsa ta ƙafe, wata malamar makaranta ta roƙi su zo su yi wa ɗalibanta bayani. Har lokaci ya ƙare mutane na kan layi.

A barandar tasha Baba ya tsaya yana gyara hula. Auta da Mai Gajimare suka tsaya nesa da juna kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Jan guganka ba kyau, hannunka duk ya salluɓe. Amma ba ka da girman kai." Ya matso kusa da shi. "Ka ce wa mahaifinka ina son ganin sa."

Auta ta rufe fuska da gyale, hawaye na zuba.

"Masoyiyata, kin ji?" Mai Gajimare ya raɗa mata. "Kin ji kuwa?"

"Na ji... ka yi shiru mana, yana kallon mu!"

Baba ya yi kamar bai ji ba, ya nufi ƙofa. Har ya kama marfin ya juyo, fuska a murtuke.

"Auta."

"Na'am, Baba?"

"Shirin mako mai zuwa... ƙarfe nawa zan zo? Ban gama maganar bishiyoyi ba."

Bayan wata huɗu aka ɗaura auren, a makon da sabuwar rijiyar makarantar ta kawo ruwa a gaba ashirin da shida.