Wayar da Alhaji Kalilu Ya Kyautar

Manoma ne suka tsinci gawar Alhaji Kalilu bayan La'asar, a cikin gero, gefen wata ɓarauniyar hanya tsakanin Zango da Daura. An fasa masa kai, an ragargaza wayarsa da dutse, motarsa kuwa ko ƙurarta. Agogonsa na hannunsa.

Sufeto Sha'aban ya daɗe tsugune yana kallon wayar. Ɓarawo sayar da waya yake yi. Wanda ya tsaya fasa ta, akwai abin da yake tsoro a ciki.

Kalilu dillalin hatsi ne, mutum mai taka-tsantsan. Ba ya bin hanya ɗaya sau biyu a jere, ba ya gaya wa kowa ta inda zai bi. Amma ga shi an tare shi kamar an yi alkawari.

Matarsa Madina ce ta miƙo wa Sufeto wayarta ta bayan labule.

"Yallaɓai, ya sa an ɗaura wa motar na'ura. Duk inda take, a nan nake gani. Ko tayar da ita aka yi, sai wayar ta yi ƙara."

Manhajar ta kai su wani kango kusa da iyaka. Ga motar an lulluɓe da kara, ba kowa. Sufeto ya hana a taɓa ta, ya bar kurtu yana gadi daga nesa.

Dangi duk direba Sagir suke zargi, don ranar bai bi maigidansa ba. Sufeto ya sa aka kira shi.

"Ina ka je?"

"Asibiti, Yallaɓai, da mahaifiyata."

"Ka san Hajiya na ganin motar a wayarta?"

"Ni kuwa na sani! Ko tsire muka tsaya saye, sai ta bugo."

Zakiyyu, mai shagon da ya ɗaura na'urar, har haushi ya ji.

"Haba Yallaɓai! Da ni ne, ai cire ta zan fara yi. Ni na ɓoye ta."

Ya duba kwamfutarsa, ya ce waya uku ke kallon motar: ta Alhaji, ta Hajiya, da wata tsohuwa da Alhaji ya daina riƙewa tun Sallah.

Sufeto ya koma wurin Madina. Ta ce Alhaji bai taɓa sayar da tsohon abinsa ba. Riga, takalmi, waya, kyautarwa yake, kuma abin kunya ne a wurinsa a ji wa ya ba.

Ranar sadakar uku, Sufeto ya karɓi ɗayan makullin motar a wurin Madina ya aika wa kurtun, ya zo ya zauna cikin masu gaisuwa. Ana shafa addu'a, kurtun ya tayar da motar a can kango.

Ƙara ta fito daga aljihun Malam Kabo, aminin marigayi tun suna makarantar allo, wanda ke zaune a gaba yana karɓar gaisuwa. Ya lalubo wayar da sauri, fuskarsa ta sauya.

"Malam Kabo, wa ya tayar maka da mota?"

"Wace mota? Saƙo ne kawai."

"Miƙo in karanta maka."

Kabo bai miƙa ba. Sufeto ya karɓe da kansa, ya ɗaga kowa ya gani.

"Sagir da Zakiyyu sun san Hajiya na kallon motar, ba za su ɓata lokaci kan wayar Alhaji ba. Kai da ya ba tsohuwar wayarsa, ka ɗauka wayarku biyu ce kawai ke kallon motar, ka sa aka fasa tasa. Taka kuwa ka ƙi goge manhajar da ke ciki, don kada yaran da ka tura su tsallaka da motar su cuce ka."

Kabo ya sunkuyar da kai.

"Motar kawai na ce su karɓa. Kalilu ne ya gane ɗaya daga cikinsu."

Wani dattijo ya fashe da kuka. Rigar da ke jikin Kabo ma ta Kalilu ce.

Kafin a wuce da shi, Sufeto ya yi sallama a bakin labule don mayar da bayani. Madina ta riga shi magana.

"Yallaɓai, tawa ma ta yi ƙara. Wallahi har na miƙe zan ɗora masa ruwan wanka."

Ta turo wayar ta ƙarƙashin labulen.

"Don Allah a cire mini abin nan."