Sunan da Inna Ta Ƙi Kira

Baƙuwa ta shiga ɗakinta ta tarar da Inna, uwar mijinta, da reza a hannu, tana warware zaren rigar matashin kai. Sunan Baƙuwa na ainihi ne a jiki, wanda mijinta tela ya ɗinka mata da jan zare tun suna saurayi da budurwa.

"Inna, me ya yi miki?"

"Ban son ganinsa a gidan ɗana! Suna ko tari? Harshe ya karye kafin a faɗe shi. Ki sauya, ko ki koma inda ake gane shi!"

Ita daga wata ƙabila ta fito, mai wani yare. Tun shigowarta Inna ta laƙa mata Baƙuwa, dangi suka ɗauka, har yaran maƙwabta. Ga ta da tsohon ciki, amma har yau baƙuwa ce.

Da tela ya dawo shago ta nuna masa zaren, tana kuka.

"Sori, masoyiyata," in ji shi. "Suna ne fa kawai. Ki sauya mu huta, kin san Inna."

"Kawai? Mahaifiyata ba ta bar min ko ɗankwali ba. Shi ta ba ni, ta cika."

Ya sunkuyar da kai. Yana sonta, wannan ba ƙarya ba ne, amma a gaban uwarsa bakinsa ɗinkakke ne. Ta haɗiye baƙin cikinta, ta ci gaba da yi wa Inna wanki da girki, ranta a mace.

Ranar haihuwa jini ya ɓalle. Likita ya tura tela neman magani cikin gari, aka bar Inna a kan benci. Nas ta fito da gudu tana kiran dangin wance, ta faɗi sunan da ƙarfi, ta sake faɗa. Inna na zaune tana jan carbi, har tana tausaya wa wannan baiwar Allah da ba ta da kowa.

Sai da tela ya dawo nas ta tare shi.

"Ina kuka shiga? Tun ɗazu nake neman mai ba matarka jini! Ta kusa tafiya!"

Ya juyo, idanunsa jawur. "Inna, kina nan aka kira ta?"

Carbin ya faɗi ƙasa. Wallahi ba mugunta ta yi ba. Ba ta taɓa tsayawa ta saurari sunan ba, balle ta gane shi.

Aka ɗebi jinin tela. Baƙuwa ta farfaɗo da ƙyar, jaririyar na gefenta, Inna a tsugune bakin gado.

"'Yata, faɗa min shi a hankali. Me yake nufi?"

Ta faɗa, muryarta can ƙasa. "A yarenmu yana nufin: ku riƙe min ita."

Inna ta fashe da kuka. "Mu aka bar wa ke, muka ƙi ko amsawa!"

Ta gwada sunan, ya karkace. Ta sake, ya karkace. Ba ta daina ba sai da ya fita daidai, kuma shi aka sa wa jaririyar.

Haƙurin yarinyar nan bai faɗi ƙasa ba. Amma ku tambayi ma'anar sunan mutum kafin ku raina shi, don wata uwa ce ta zaɓe shi, wataƙila da numfashinta na ƙarshe.