Ɗigon Sandal a Murfin Kutti

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Asabar, washegarin bikin da ake nema wa kayan aiki albarka, ɗaliban ajin ƙarshe na wata kwalejin injiniya da ke bayan garin Erode suka kewaye Kutti suna jiran ya taka lemun tsamin da aka sa masa ƙarƙashin tayoyi tun jiya don neman sa'a. Kutti mutum-mutumi ne mai taya huɗu, bai wuce girman akwatin tafiya ba, kuma wata bakwai aka yi ana haɗa shi. Da tsakar rana alƙalai za su zo su zaɓa tsakaninsa da na ɗaya ƙungiyar, wanda zai wakilci kwaleji a gasar Chennai. Tenmoli, shugabar ƙungiyar, ta danna maɓalli. Shiru. Ta sake dannawa. Da ta yanke zaren furannin da ya ɗaure murfin ta leƙa ciki, sai ta dafe kai. Allon ƙwaƙwalwar da ke ɗauke da dukan manhajar ya yi layar zana.

Kafin Sufeto Pungodi ta sauka daga babur ɗinta, shugaban kwaleji, Dakta Ramanadan, ya riga ya gama shari'a ya yanke hukunci. A bakin ƙofa ya tare ta yana kaɗa wasu makullai a yatsa.

"Madam, ba za mu ɓata miki lokaci ba. Jiya ƙarfe huɗu aka kulle ɗakin nan, ba a fasa kwaɗo ba, tagogi duk da ƙarfe. Makulli ɗaya ne, kuma ga wanda ke riƙe da shi can." Ya nuna da haɓa. "Takardar korarsa ma ana bugawa."

Wanda aka nuna ɗin dattijo ne siriri, zaune a kan benci da hannuwa tsakanin gwiwoyi. Selvarasu ke nan, mai kula da ɗakin na'urori shekara talatin da ɗaya. Bai ɗago ba.

Pungodi 'yar makaniken manyan motoci ce daga Namakkal, kuma a aikinta ba abin da ke sa mata zargi kamar laifin da aka warware kafin ta iso. Ta wuce shi ta shiga ɗakin. Ƙanshin kafur bai gama fita ba. Kowace na'ura, har sukundireba da filaya, an wanke ta an ɗiga mata kwaɓaɓɓen garin itacen sandal mai ƙanshi da jar hoda a tsakiya. A kusurwa kuma ga teburin da ɗalibai suka jera littattafansu da kayan karatu gaban hoton allahiyar ilimi, an lulluɓe da farin ƙyalle.

"An bincika ɗakin?" ta tambaya.

"Ko'ina," in ji Dakta. "Ai ba zai bar shi a nan ba. Ɗalibai kuwa ko ƙusa ba sa iya fita da ita, maigadi na caje jakar kowa a ƙofa. Shi kaɗai ne ba a cajewa."

"Wancan ƙyallen fa?"

Dakta ya dube ta kamar ta zagi kakarsa. "Sai goma da rabi, Madam. Lokacin yaye shi da kalandar ibada ta bayar ke nan."

Ta gyaɗa kai, ta ja kujera ta ce a turo mata dattijon.

"Ayya," ta kira shi yadda ake girmama dattijo a garin, "yaushe ka ga allon nan da idonka?"

"Jiya sha biyu da rabi, Amma," ya ce, wato uwa a harshensu. "Bayan nan ban ƙara ganinsa ba. Sun gwada shi, ya zagaya ɗakin nan sau biyu, suka rufe murfi."

"Daga nan?"

"Na tafi kasuwa sayen furanni da reshen ayaba da gugurun shinkafa. Aravindan ne ya ɗauke ni a babur. Sai uku muka dawo, na shiga shafa wa kayan sandal a gaban kowa."

"Har da Kutti?"

"Shi na fara yi wa." Muryarsa ta ɗan karye. "Ni na yanka ƙarfen jikinsa, Amma. Yaya zan cire masa kai?"

Pungodi ta ji tausayinsa har cikin ranta, sai dai ta sha ganin ɓarayi masu muryar da ta fi wannan karyewa. Ta sallame shi ta kira Aravindan, shugaban ƙungiyar da ke hamayya, dogon saurayi mai yawan murmushi.

"Kai ne za ka fi kowa cin riba in Kutti bai tashi ba."

"Haka ne, Madam, har na yi niyyar raba alewa." Ya ga ba ta yi dariya ba, ya gyara zama. "Amma na rantse ban taɓa shi ba. Awa biyu da rabi ina bin Selvarasu anna, yayanmu, a kasuwa yana taya reshen ayaba kamar zai sayi gona. Ki tambayi mai furanni, har faɗa suka yi."

"Kana tsoron Kutti zai kayar da naku?"

"Yana ba ni haushi dai. Namu sai ya yi karo sau uku kafin ya gane kwana. Nasu kuwa yana juyawa sumul kamar direban minista. Shi kuma Ilango, mai rubuta musu manhaja, ko kallonsa ba ya yi, yana tsaye can gefe hannu a aljihu, wai shi gwani. Mutum a zafin Erode kullum hannu a aljihu kamar mai jin sanyi!"

Tenmoli ta shigo idanunta sun yi jawur. Ta ce bayan gwajin jiya ita da Ilango suka zauna goge-goge, da ɗaya da rabi ta tafi ɗakin kwanan mata ta ɗaura sari, ta dawo biyu da rabi.

"Kun ɗauki hoton Kutti jiya?"

"Kowa ya ɗauka, Madam."

"Da safen nan fa, kafin ki yanke zaren?"

"Har bidiyo."

Pungodi ta karɓi wayar, ta jera hotunan biyu ta faɗaɗa su da yatsa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tashi ta tsuguna gaban Kutti, ta shafa bakin murfin, ta duba ɓarɓashin da ya zuba a ƙasa.

"Ke ma kin iya tayar da shi ke kaɗai?"

Tenmoli ta yi ɗan murmushin dole. "Kutti ba ya jin maganar kowa sai ta Ilango. Sau biyu na gwada ba ya nan, ya ƙi kwana. Ya ce min wai batir ne ya yi sanyi. Har tsokanarsa muke yi, wai ɗansa ne."

"Alƙalan yau, me suke fara yi in sun zo?"

"Karɓe wayoyin kowa su zuba a kwando. Doka ce, dole na'ura ta tuƙa kanta da kanta."

Ilango ya shigo da ladabi fiye da yadda ake buƙata. Kyakkyawan yaro ne mai tabarau, ɗan fari a gidansu, wanda hotonsa ke manne a allon sanarwa tun shekarar farko.

"Madam, don Allah a sassauta wa Selvarasu anna," ya fara tun ba a tambaye shi ba. "Ƙila wata matsala ce ta same shi a gida."

"Na ce maka shi ne?"

"A'a, amma makulli..."

"Akwai kwafin manhajar a wani wuri?"

"Akwai, sai dai sabon allo sai an yi odarsa. Mako biyu."

"Abin baƙin ciki," in ji Pungodi. Ta lura tun da ya zauna bai dubi Kutti ko sau ɗaya ba. Agogon bango yake satar kallo, kuma goma da kwata ta yi.

Ta fita wurin dattijon ta zauna kusa da shi a benci.

"Ayya, kai ka ɗiga wa kayan da ke ƙarƙashin ƙyallen nan sandal?"

"Ɗaya bayan ɗaya."

"Me Tenmoli ta ajiye?"

"Littafin zanenta."

"Ilango fa? Kwamfutarsa?"

Selvarasu ya ɗan yi tunani. "A'a. Akwatin kayan zane na ƙarfe, irin na 'yan ajin farko. Har na ce masa, tambi, ƙanena, yaushe rabonka da wannan? Ya ce tunawa da mafari yake yi." Sai ya juyo ya dube ta. Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, ta kuma ga bai so ya faɗo ba.

Goma da rabi daidai aka kunna kafur, Dakta Ramanadan ya yaye ƙyallen da kansa. Ɗalibai suka matso kowa na neman nasa. Hannun Ilango ya riga na kowa isa teburin, amma na Pungodi na kan akwatin.

"Tsaya, tambi. Buɗe mana mu ma mu tuna da mafari."

"Madam, kayan albarka ne, ba a..."

"An yaye ƙyalle. Buɗe."

Bai buɗe ba. Tenmoli ce ta fizge akwatin ta ɓalle shi. Ba kamfas, ba rula. Allon Kutti ne kwance a ciki, an naɗe shi da hankici.

Dakta ya leƙa akwatin. "To ai... ƙila tsohon ne ya sa masa a ciki bayan an kulle."

"Zo ka gani, Dakta." Pungodi ta ɗaga wayar Tenmoli. "Jiya Ayya ya shafa sandal a daidai inda murfi ya haɗu da jiki. Ga hoton uku da rabi, ga na safen nan: shafa ɗaya ce, da sawun babban yatsansa, da ɗan ganyen fure da ya maƙale a ciki. Sandal in ya bushe ba a buɗe abin da ke ƙarƙashinsa bai tsage ba, duk wanda ya tashi a gareji ya san wannan. Bai tsage ba sai da yarinyar nan ta buɗe ɗazu, ga ɓarɓashinsa a ƙasa. Ke nan ba a taɓa murfin ba bayan an kulle ɗaki, makullinka ba shi da ruwa da maganar. Gangar jiki kawai kuka yi wa biki jiya. An cire allon tsakanin sha biyu da rabi da uku, lokacin Ayya da Aravindan suna kasuwa. Maigadi na caje jaka, saboda haka allon bai fita ba. Wuri ɗaya ne a ɗakin nan da ba mai kai masa hannu, kuma abin da aka ɗauko daga can ba maigadin da zai caje shi."

"Amma me ya sa?" Tenmoli ta juya ga Ilango. "Wata bakwai, Ilango! Me ya sa?"

"Mayar da allon," in ji Pungodi. "Aravindan, miƙo kwandon furannin can. Kowa ya zuba wayarsa. Kai ma, tambi. Har ta ɗaya aljihun."

Ilango ya ciro waya ta biyu, ƙarama, ya ajiye. Tenmoli ta haɗa allon ta danna maɓalli. Kutti ya yi gurnani, ya murƙushe lemun tsamin nan huɗu, ya miƙe ɗoɗar a kan farin layi. Da ya kai kwanar farko bai ko waiwaya ba, ya tafi kai tsaye ya daki bango, tayoyinsa suna ta juyawa a banza.

"Manhajar ba ta taɓa iya kwana ba," in ji Pungodi. "Daga aljihu ake tuƙa shi. Yau kuwa alƙalai za su karɓe aljihun."

Ilango ya zauna a ƙasa ya cire tabarau. "Mako biyu kawai nake nema," ya ce da ƙyar. "Da na gyara. Kowa na cewa ni ne gwani, ta yaya zan ce na kasa? Ban zaci za a kori kowa ba."

"Tun takwas da rabi kake kallon ana korarsa," in ji ta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta ji gara ɓarawon kasuwa da wannan.

Dakta ya yi gyaran murya, ya ajiye makullan a gefen tebur. "To, Selvarasu, ka ci gaba da aikinka."

"Ba a tebur ka karɓe su ba, Dakta," in ji Pungodi. "A gaban yaran nan ka zare su daga hannunsa."

Fuskar Dakta ta yi nauyi. Ya ɗauki makullan, ya taka har inda dattijon yake tsaye, ya miƙa masa da hannu biyu.

Selvarasu ya karɓa ya soke su a ƙugu. Bai dubi Dakta ba. Ya je ya kashe Kutti, ya janye shi daga bango, ya shafa inda ƙarfen ya lotse. Sannan ya tsaya a kan Ilango, wanda har yanzu akwai ragowar jan ɗigo a goshinsa.

"Wannan ma ni na sa maka jiya, tambi," ya ce a hankali. "Ka sunkuyo, na sa maka, ka ce min na gode."