Cikin Da Muka Ɓoye Wa Inna

Malama, yau ma na buɗe shago, amma ban taka keken ɗinki ba. Ina zaune ina kallon kujerar robar da kike zama a kai idan kin kawo mini abinci. Ke kika fi ni karatu, shi ya sa nake ce miki Malama, ke kuma ki ce mini Tela kamar ba a raɗa mini suna ba. Idan rubutun nan ya karkace ki yi haƙuri, babu mai gyara mini yanzu.

Shekara uku da aurenmu, ciki ɗaya kika taɓa yi, ya zube tun bai je ko'ina ba. Inna, mahaifiyata, ita ta baza labarinsa don murna, har ta sayi zannuwan goyo. Da ya zube mata suka yi ta zuwa jaje, wata har ta ce a gabanki akwai matan da mahaifarsu ba ta riƙo. Shi ya sa da kika sake samu, kika ce kada kowa ya ji sai ya fito da kansa. Na ce har Inna? Kika ce ita ce ma kan gaba, don ba za ki iya sake ganin tana ninke zannuwan nan tana mayarwa akwati ba.

Daga nan shagona ya koma makaranta. Duk ranar awo sai ki biyo da abin da nas ta faɗa, ki ƙara da wanda kika karanta a waya, ni kuwa ba na ganewa sai kin nuna mini da kayan kan tebur. Ranar farko kika ɗora ƙaramin maɓallin riga a tafina, kika ce bai ma kai wannan ba, amma zuciyarsa ta fara bugawa. Na ce ina zuciya za ta samu wuri a jikin maɓalli?

Kika ce, "Kai da kake zura zare a kafar allura, kai ne kake mamakin aikin Allah?"

A wata na uku ya kai kwarkwaron zare. Kika ce yatsunsa sun rabu da juna, farce ya fara fitowa, idanunsa a rufe suke ruf. Kika kalli yatsuna da allura ta gama cinyewa, kika ce Allah Ya sa na uwarsa ya ɗauko. Ranar da na raka ki asibiti nas ta ɗora na'ura a mararki, ɗakin ya cika da wani sauti, tif-tif-tif, kamar kekena idan aiki ya yi yawa. Na juya baya ina goge ido, nas ta ce, "Maigida, tun yanzu?"

Da ya haura wata huɗu ya kai tsawon tafin hannuna. Yana juyi, yana haɗiyar ruwa, wai har yatsa yake tsotsa. Kika ce kina jin motsinsa kamar ana jan siririn zare ta ciki. Kika ce kunnensa ya kusa buɗewa, in rage faɗa da masu ɗinki, kada abin da zai fara ji a duniya ya zama "ka dawo gobe". Ni na ɗinka miki dogayen rigunan nan masu faɗi, babu wanda ya ga komai.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne bakin dangi. Yayata ta fara cewa ƙwayoyin hana haihuwa kike sha, shi ya sa kike yawan zuwa asibiti. Inna ta yi faɗa da ita a kanki, har suka daina gaisawa. Sai Inna ta tafi wurin wani mai magani, ta dawo da baƙin ruwa a kwalba, wai na wankin mahaifa. Ina shago lokacin. Ta zauna a bakin gadonmu, ta zuba a kofi, ta ce ki shanye a gabanta ta samu abin rufe bakin mutane.

A mota, muna hanyar asibiti, kina dafe da ciki don ciwo, na tambaye ki me ya sa ba ki faɗa mata ba.

"Ta ce mini 'yata, Tela. Na buɗe baki zan faɗa, kunya ta riƙe ni. Na ce kofi ɗaya ne, na shanye."

Cikin ya zube. Namiji ne, Malama. Ba ki gan shi ba, ni na gani. Duk abin da kika koya mini yana nan: yatsu goma, farce kamar ɓawon albasa, kunnuwa a manne. Ko ɗaya ba ki yi kuskure ba. Na naɗe shi a farin ƙyallen da ke aljihuna, wani dattijo mai gadin maƙabarta ya taya ni, bai tambaye ni komai ba. Kafin in dawo jinin ya ƙi tsayawa. Kika riƙe bakin rigata kika ce kada Inna ta sani, ba za ta iya ɗauka ba. Na ce to, daga nan kika cika. Likita ya ce ba zai rantse maganin ne ba, amma ba abin da za a bai wa mai ciki ba ne. A gida na ce ciwon mara ne da zubar jini, suka yarda.

Inna ta rame. Ita take share ɗakinki har yanzu. Rannan ta ce mini, da ta nemo maganin nan da wuri, da kin bar mana ko ɗa ɗaya mu riƙa kallo. Na sunkuyar da kai, na ce haka Allah Ya so.

Na yi niyyar in tafi kabari da alkawarin nan. Amma shekaranjiya matar ƙanena ta zo shago da riguna biyu, ta ce in buɗa mata ƙugu. Na ɗora tef, na ga abin da na gani. Ta kawar da kai ta ce, "Yaya, don Allah kada ka faɗa, ko Inna ba ta sani ba." Yau da safe kuma na shiga gaishe da Inna, sai ga kwalbar nan a kan taga, sabuwa, cike. Ta ce ba za ta sake jinkiri ba, gobe da safe za ta kai wa yarinyar.

Haƙurinki babba ne, Malama, kuma ina sa ran ladansa yana wurin Wanda ya fi kowa biya. Amma na gane kunya da ƙauna idan suka yi shiru a inda ya kamata a yi magana, rai suke ci. Mun ɓoye don kada zuciyar tsohuwa ta karye, ga shi dole ni zan karya ta da bakina.

Zan rufe shago yanzu. Zan same ta a kan darduma bayan la'asar, in zauna kusa da ƙafarta, in fara daga maɓalli, yadda kika fara mini. Ki yafe mini alkawarinki. Wurinki na fara zuwa, don har yanzu ban gaya wa kowa ba.